Suna a Bango, Suna a Gwanjo: Tarken Ladubban Hip-hop a Fasahar Zane ta Zamani

A watan Mayun 2017, a zauren gwanjon kamfanin Sotheby's da ke birnin Niyok, wani attajiri ɗan ƙasar Japan, Yusaku Maezawa, ya sayi zanen ƙoƙon kai da Jean-Michel Basquiat ya yi a 1982 a kan dala miliyan 110.5. Shekara ɗaya bayan yin wannan zane, a watan Satumban 1983, 'yan sandan jiragen ƙarƙashin ƙasa na wannan birni suka kama wani saurayi baƙar fata mai shekara 25, Michael Stewart, bisa zargin yana rubutu a bangon tasha. An kai shi asibiti a sume, jikinsa duk rauni, bayan kwana 13 rai ya yi halinsa. 'Yan sanda shida da aka gurfanar, kotu ta wanke su a 1985. Gari ɗaya ne, zamani ɗaya, sana'ar ma kusan ɗaya. Duk wanda zai auna abin da ake kira tasirin hip-hop a fasahar zamani, a tsakanin waɗannan al'amura biyu zai kafa ma'auninsa.

A shekarar 2023, lokacin bikin cikar hip-hop shekara 50, gidan adana kayan fasaha na birnin Baltimore, da haɗin guiwar takwaransa na Saint Louis, ya shirya gagarumin baje koli a kan yadda wannan al'ada ta ratsa zane da sassaƙa da hoto da ɗinki a ƙarni na 21. Kafin nan, a 2011, an yi makamancinsa a Los Anjalis a kan fasahar titi. Abin da mai ziyara ya fi cin karo da shi a irin waɗannan zauruka shi ne sutura: sarƙar zinari, takalmin wasanni, hular nan mai baki da ake yi wa laƙabi da hana-salla, da haruffa masu ƙiba da aka fesa da gwangwanin fenti. Sutura tana da sauƙin ɗauka. Abin da ya yi wuyar ɗauka shi ne ladubban da suka haifi al'adar, waɗanda kusan dukkansu a kan mas'ala guda suke kewayawa, wato suna: wa ya cancanci a san sunansa, da me ya cancanta, kuma su wa ke da ikon tabbatar masa da shi.

Masu tarihin hip-hop sukan fara ƙidaya daga ranar 11 ga Agusta 1973, sa'ad da Clive Campbell, ɗan asalin Jamaika da aka fi sani da Kool Herc, ya juya faifai a wani ƙaramin biki da ƙanwarsa Cindy ta shirya a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, cikin gundumar Bronx. A wannan zamani Bronx ta zama kufai. Babbar hanyar mota ta tsaga unguwanninta biyu, masu hali sun ƙaura, wasu masu gidajen haya suna cinna wa gine-ginensu wuta don karɓar kuɗin inshora, birnin Niyok kansa kuma ya kai gaɓar tsiyacewa a 1975. Daga cikin wannan toka rassa huɗu suka fito: juya faifai, jera baiti a kan kiɗa, rawar da ake yi ana juyi a ƙasa, da rubutun bango. Na ƙarshen ya girmi sauran. Tun a watan Yulin 1971 jaridar New York Times ta ba da labarin wani yaro ɗan aike, ɗan asalin Girka, wanda ya cika birnin da rubutun TAKI 183, wato laƙabinsa da lambar titin da yake zaune. Akwai ma tsofaffin marubutan bango da har yau ke musun cewa sana'arsu reshen hip-hop ce, suna cewa finafinan farkon shekarun 1980 ne suka ɗaura auren. Ko ma yaya ne, auren ya ɗauru, kuma ta ƙofar rubutun bango ne al'adar ta fara shiga zaurukan fasaha.

Abin da TAKI ya rubuta ba wa'azi ba ne, ba kuma taken siyasa ba. Sunansa ne kawai. Yaron da hukuma ba ta ƙidaya shi sai ranar da za ta kama shi, ya sami hanyar da sunansa zai hau tarago ya ratsa birnin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, mai kuɗi da matalauci su karanta ko suna so ko ba sa so. Sai dai wannan suna ba kyauta ake samunsa ba. Ma'abota sana'ar sun shimfiɗa ƙa'idoji da babu inda aka rubuta su, amma kowa ya haddace. Sabon shiga, wanda suke kira abin wasa, ba ya fara fesa tarago. Sai ya daɗe yana gwaji a littafinsa, yana riƙe wa na gaba da shi gwangwani, yana cike launi a cikin layin da gwani ya ja. Kwaikwayon salon wani, abin da suke kira cizo da harshensu, shi ne babban abin kunya. Ba a rufe aikin wani sai da aikin da ya fi shi girma da wahala, wanda kuwa ya ja layi a kan sunan wani, to ya shelanta gaba. Muƙamin sarki, wanda ake nunawa da ɗora kambi a kan suna, takwarori ne ke bayar da shi bayan sun ga yawan aikin mutum da ingancinsa, kuma su ne ke tsige shi. Suna da majalisarsu a wasu tashoshi, inda suke zama a kan benci suna kallon jirage na wucewa suna yanke hukunci. Haka abin yake a wajen masu baiti da masu rawa: da'ira ake yi, mutum ya shiga tsakiya, jama'ar da ke kewaye su ce ya yi ko bai yi ba.

Ɗalibin adabin Larabci ba zai ji wannan tsari baƙo ba. Gasar baiti da martani ita ce naƙa'il ɗin Jarir da Farazdaƙ, alfahari da zambo kuwa tsofaffin babuka ne a waƙar Larabawa, kamar yadda kirari da habaici suke a wajen makaɗan Hausa. Mas'alar cizo ita ce mas'alar satar waƙa, wadda irin su Amidi da Alƙali Jurjani da Ibn Rashiƙ suka yi dogon bahasi a kanta, suna rarrabe ɗaukar ma'anar da kowa ke da haƙƙi a kanta da ɗaukar lafazin da ya keɓanta da mutum guda. Amma kamannin da ya fi ƙarfi yana wajen ma'abota kyan rubutu na zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa. A can ɗalibi kan yi shekaru yana kwafar darasin malaminsa harafi bayan harafi, ba shi da izinin sanya sunansa a ƙarƙashin abin da ya rubuta, sai ranar da malamai suka duba aikinsa suka rubuta masa ijaza. Daga ranar ne yake da ikon cewa wane ne ya rubuta. Yaran Bronx ba su san wannan al'ada ba, amma sun isa ga asali guda da ita: sa hannu amana ce da ma'abota fanni ke danƙa wa mutum.

Ba a ce ladubban nan tsarkakakku ba ne. Bangon da ake rubutu a kai na wani ne, taragon na jama'a ne, fentin ma sau da yawa na sata ne, har suna ganin sayensa gazawa ce. Birnin ya kashe dukiya mai yawa wajen wanke jirage kafin hukumar sufuri ta bayyana a 1989 cewa ta daina fito da taragon da aka fesa. Neman suna yana da iyaka siririya tsakaninsa da sum'a, kuma da yawa sun ƙetare ta. Mata irin su Lady Pink, wadda ta fara a 1979, sun sha wulaƙanci kafin a yarda da su. Duk da haka, wanda ya yi wa al'adar hukunci da laifuffukanta kaɗai ya rasa fahimtar dalilin da ya sa ta rayu, alhali al'adun samari da yawa na zamaninta sun mutu.

Akwai wani ɓangare da ya kamata mai karatun wannan fage ya yi hattara da shi. Kalmomi da yawa na ladubban hip-hop, kamar gaisuwa da aminci, da kiran da'irar masu baiti da lafazin da asalinsa sifiri ne na Larabci, da ɗaukar maganar mutum a matsayin jinginarsa, da yawan ambaton sanin kai, sun shigo ne ta hannun ƙungiyar 'Yan Kashi Biyar, wadda Clarence 13X ya kafa a Harlem a 1964 bayan ya bar ƙungiyar Elijah Muhammad. Mawaƙa irin su Rakim da 'yan Wu-Tang sun yaɗa lafuzzanta a duniya. Aƙidarta ta cewa baƙin mutum shi ne abin bauta ta yi hannun riga da tauhidi, kuma da yawa daga mabiyanta ba sa ma kiran kansu Musulmi. A gefe guda akwai mawaƙan da suka rungumi Musulunci na sunna, kamar Yasiin Bey, wanda ya buɗe kundinsa na 1999 da basmala. Zaurukan baje koli sukan cuɗa waɗannan duka a ƙarƙashin hoton jinjirin wata da harafin Larabci, wannan kuwa sakaci ne na ilimi, kuma wani misali ne na ɗaukar sutura a bar ma'ana.

Shigar rubutun bango kasuwar zane ta faro da wuri. A 1972 Hugo Martinez ya tara wasu marubuta ya sa su fesa ƙyallen zane maimakon tarago, a 1979 Lee Quiñones da Fab 5 Freddy suka baje aikinsu a birnin Roma, zuwa 1983 kuwa babban dillali Sidney Janis ya buɗe musu zaurensa. Yawancin abin da aka rataye a wannan zamani ya yi sanyi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Harafin da aka tsara don a gan shi yana gudu a jikin tarago, wanda aka yi shi cikin duhu ana sauraren takun ɗan sanda, idan aka daskarar da shi a farin bango sai ya koma ado. Mafi muhimmanci, alƙalin ya canza. A tasha, wanda ya san wahalar jan layi ne ke yabo. A zaure, wanda ke da kuɗin saye ne. Bayan 'yan shekaru kasuwar ta juya baya, da yawa daga cikin samarin suka koma inda suka fito.

Basquiat ne ya tsira, kuma tsirarsa na da nasaba da cewa shi tun asali a gefen al'adar yake. An haife shi a Brooklyn a 1960, mahaifinsa ɗan Haiti, mahaifiyarsa 'yar asalin Puerto Rico. Bai yi suna a jikin jirage ba. Jimlolin da shi da abokinsa Al Diaz suka riƙa rubutawa da laƙabin SAMO, a unguwannin dillalan zane suka fi zuba su, kuma shi da kansa ya ƙi jinin a kira shi mai rubutun bango. Amma ya san ƙa'idojin, ya kuma yi aiki da su ta hanyar da ba wanda ya riga shi. Kambin da marubucin titi ke ɗora wa kansa, Basquiat ya ɗauke shi ya ɗora wa wasu: mabushin algaitar Turawa Charlie Parker, 'yan dambe irin su Sugar Ray Robinson, baƙaƙen fatar da Amurka ta ci moriyarsu ta hana su martaba. Layin da ake ja a kan suna don cin mutunci, shi yana jansa a kan kalmomin da ya rubuta da hannunsa, domin ido ya fi tsayawa a kan abin da aka soke. Da labarin Michael Stewart ya same shi, sai ya je ɗakin aikin Keith Haring ya zana a jikin bango wata baƙar inuwa marar fuska tsakanin 'yan sanda biyu masu ɗaga kulake. Bai yi zanen don sayarwa ba. Haring ne ya yanko shi daga bangon ya adana. A nan ne ladabin titi ya bayyana da mafi kyawun surarsa, wato tsayawa a kan sunan ɗan'uwan da aka shafe. Shekara biyar bayan haka, a 1988, ƙwaya ta kashe Basquiat yana da shekara 27, kambin nasa kuma yau ana buga shi a jikin riguna da jakunkuna.

Kehinde Wiley, wanda aka haifa a Los Anjalis a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya, ya bi wata hanya. Yakan tare samari a titi ya roƙe su su zaɓi tsayuwar wani basarake daga tsofaffin zanukan Turai, sannan ya zana su a haka da kayan jikinsu. A zanensa na 2005 da ke gidan adana kayan fasaha na Brooklyn, ya sauke Napoleon daga kan dokin da Jacques-Louis David ya ɗora shi, ya ɗora wani baƙar fata mai rigar sojan daji da takalmin Timberland. A kan duwatsun da ke ƙarƙashin kofaton dokin, inda David ya sassaƙa sunayen Bonaparte da Hannibal da Sharlaman, Wiley ya ƙara sunan Williams. Wannan ita ce dabarar TAKI, an yi ta da fentin mai a bangon tarihin Turai, kuma ta yi kyau. Raunin aikin shi ne maimaici. Bayan zane na goma mai kallo ya riga ya san abin da zai gani, samarin sukan narke cikin furannin bayansu har su zama iri ɗaya, sunan da ke tashi a kasuwa kuwa na mai zanen ne. Tambayar da da'ira za ta yi, wato me ka zo da shi sabo yau, zaure bai cika yin ta ba muddin ana saye.

Wani abin mamaki shi ne, inda aka fi girmama hukuncin takwarori a 'yan shekarun nan kotu ce. A gundumar Queens a da akwai wani tsohon ginin masana'anta da aka sani da 5Pointz, wanda mai shi ya bar masu fesa fenti suna aiki a bangonsa ƙarƙashin kulawar Jonathan Cohen, shi ke raba wuri, shi ke yanke wane aiki zai daɗe wane za a rufe. A watan Nuwamban 2013 mai ginin ya sa aka shafe komai da farin fenti cikin dare. A watan Fabrairun 2018 alƙali Frederic Block ya umarce shi ya biya masu zane 21 diyyar dala miliyan 6.75 saboda ayyuka 45, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020. Daga cikin hujjojin da aka karɓa na cewa ayyukan suna da martaba, akwai shaidar ma'abota fannin da zaɓin da Cohen ya yi musu.

Wanda ya fi kusa da masu karatun harafin Larabci shi ne eL Seed, haifaffen Faransa a 1981, iyayensa 'yan Tunisiya. Ya taso cikin hip-hop ɗin unguwannin bayan birnin Faris, ya koyi karatun Larabci da rubutunsa bayan ya fara girma, sannan ya haɗa alƙalamin masu kyan rubutu da gwangwanin fesa. Sauyin da ya kawo shi ne, gurbin da marubucin titi ke sa sunansa, shi jimla yake sawa, kuma yana neman jimlar da ta dace da mutanen wurin. A 2012, da yardar limamin masallacin Jara a garin Gabis, ya rubuta aya ta 13 ta Suratul Hujurat a jikin hasumiya, ayar da ke bayanin hikimar rarraba mutane dangi da ƙabilu, a lokacin da ake taƙaddama mai zafi tsakanin masu zane da wasu masu kishin addini bayan juyin juya halin ƙasar. Neman izini ya warware matsalar haƙƙin mai bango, wadda ita ce babban aibin sana'ar. Amma ya buɗe wata. An ruwaito daga Imam Malik cewa ya karhanta rubuta wani abu na Alƙur'ani a alƙiblar masallaci saboda shagaltar da mai salla. Bayan hasumiya ba alƙibla ba ce, sai dai salon eL Seed yana nannaɗe haruffa har karatunsu ya yi wa gwani ma wuya, kuma aya idan ta koma siffar da ake kallo ba a karantawa, akwai abin dubawa. Ga shi kuma ba shi da ijazar masu kyan rubutu, shi ma bai yi da'awarta ba. Sannan janye suna daga bango bai hana salon zama suna ba: a 2013 kamfanin Louis Vuitton ya fitar da gyale mai ɗauke da haruffansa.

Aikinsa mafi girma yana Alkahira. A 2016 ya shiga Manshiyat Nasir, unguwar Kibɗawa Kiristoci da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam, waɗanda suka shafe shekaru suna kwashe sharar birnin suna tacewa, mutane kuma suna kiransu da sunan shara. Bayan ya sami amincewar limamin cocinsu da masu gidajen, shi da abokan aikinsa suka fesa wata da'ira guda da ta bazu a kan gine-gine kusan 50, ɗauke da maganar Athanasiyus, babban limamin Iskandariyya na ƙarni na 4, a kan cewa gyaran ido yana gaba da ganin haske. Zaɓin ya yi daidai: maganar ta mutanen ce, daga magabacinsu, an kuma juya ta zuwa ga birnin da ke raina su. Wannan shi ne abin da Basquiat ya yi da kambi, an faɗaɗa shi ya rufe unguwa guda.

Sai dai da'irar ba ta haɗuwa sai daga wuri ɗaya tak a kan dutsen Muƙaɗɗam. Daga can aka ɗauki hoton da ya zaga duniya, daga can baƙi ke kallo. Matar da ke shanya a hawa na uku cikin unguwar, abin da ke jikin bangonta guntun fari ne da shuɗi da ruwan lemo, wutsiyar wani harafi da kansa ke gidan maƙwabta. Idan tana son karanta maganar Athanasiyus, sai ta bar buhunan robar da take tacewa ta hau dutsen.